Ruwan Rufinmu: A Tara Wanda Za A Iya Tarawa, A Yi Wa Saura Hanya

Jawabin kwamitin ruwa da tsafta a taron magidanta da iyaye mata na share fagen damina

   

Bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma lis. Kowa a nan yana jiran ruwan shuka, mu ma haka. Amma mun tara ku ne a kan wani ruwan dabam, wato wanda zai sauka a kan rufin ɗakunanmu. Maganar da muka zo da ita guda ɗaya ce: kowane magidanci ya san inda ruwan rufinsa zai tafi tun kafin ya faɗo. Kaɗan daga ciki zai shiga ganga, mafi yawansa zai zuba ƙasa, kuma wanda ya zuba ƙasan nan shi ne yake kada bango, yake cika masai, yake haɗa maƙwabta faɗa.

Yawancinmu daga ƙauyukan Sakkwato da Zamfara da Katsina muka tsallako jihar Maradi tun daga 2019. A can gida ba mu taɓa zama taro a kan ruwan rufi ba, domin kakanninmu sun riga sun gama wannan aikin. Kowane gida yana da indararo, yana da wuriya a gindin katanga, kuma kowane lungu ya san kududdufin da yake zubawa. Yaro ma zai nuna maka inda ruwa yake bi. Nan kuwa, a matsugunai irin su Dan Dadji Makaou da Garin Kaka da Chadakori, sabon wuri ne. An yanka filaye, an kafa ɗakuna kusa da juna, ruwa bai san mu ba, mu ma ba mu gama sanin hanyarsa ba. Aikin da aka yi mana a gida, dole mu yi wa kanmu a nan.

Bari mu fara da lissafi, don mutane da yawa suna raina yawan ruwan da rufi yake tarawa. Idan aka yi ruwan sama na milimita 1, kowace mita murabba'i ta rufi tana karɓar lita 1. Ku ɗauki ɗakin da rufinsa ya rufe ƙasa mai faɗin mita 4 da tsawon mita 5, wato daidai girman tampol ɗin HCR idan aka shimfiɗa shi. Wannan mita murabba'i 20 ke nan. Ruwa matsakaici na milimita 20 zai sauke lita 400 a kansa, jarka 16 ke nan mai cin lita 25. Ko an cire abin da ya fantsale da wanda ya yoye, za a samu abin da ya haura lita 300. A ƙasar Maradi ruwan shekara yana kaiwa wajen milimita 500, kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba. Wato ɗan ƙaramin ɗakin nan yana karɓar kusan lita 10,000 a damina ɗaya, ganga 50 mai cin lita 200.

Ga alherin da ke ciki. Ma'aunin da masu aikin agaji suke bi shi ne kowane mutum ya samu aƙalla lita 15 a rana don sha da girki da tsafta. Gida mai mutum shida yana buƙatar lita 90. Ganga ɗaya cike ta ɗauke musu kwana biyu da ɗoriya. Kwana biyu ke nan da uwar gida ba ta tsaya layin famfo ba, 'yan mata ba su fita da duhun asuba ba, yaro bai makara makaranta saboda ɗiban ruwa ba. Ranar da famfo ya lalace kuma, duk mun san darajar wannan gangar.

Ga kuma inda matsalar take. A tsakiyar marka, cikin Agusta, ana iya yin ruwan milimita 50 a dare ɗaya. Rufin nan zai sauke lita 1,000. Gangarka ta ɗauki 200, ta cika tun ba a jima da fara ruwan ba. Saura lita 800, ina za su tafi? Idan ba ka yi musu hanya ba, a gindin bangonka za su zauna. Shi ya sa muke cewa wanda ya kafa ganga bai haƙa magudana ba, rabin aiki ya yi, kuma rabin da ya bari shi ne mai haɗarin.

Daminar 2024 ba ta yi nisa da za a manta ba. Ambaliya ta yi ɓarna a ko'ina cikin Nijar, jihar Maradi tana cikin waɗanda suka fi asarar rayuka, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka rasu gini ne ya rufta musu. Allah ya jiƙan su. Bangon ƙasa ba daga sama yake mutuwa ba. Gindinsa ne yake shan ruwa kwana da kwanaki, tubalin ƙasa ya yi laushi, nauyin sama ya danne shi, sai ya zube, galibi cikin dare lokacin da iyali suke kwance.

To, mu ɗauki aikin daki-daki. Farko, tara ruwa.

Rufin kwano shi ne ya fi ba da ruwa mai kyau, sai tampol mai tsafta. Ruwan rufin ciyawa ko na ƙasa yana zuwa da launi da datti, ya yi wanki da ban ruwan shuka, amma kada a sa shi a randar sha. Kafin ruwa ya sauka, a share rufi, a sauke tsofaffin tayoyi da itace da tsummokaran da muke jibgewa a kai. Wanda yake buƙatar abin danne rufi saboda iska ya sa dutse ko tubali mai tsafta.

Indararo ba sai an saya ba. Tsohon fallen kwano, a yanka shi a tsaye, a lanƙwasa kamar kwalekwale, a ɗaure da waya a bakin rufi. Bututun roba da aka tsaga biyu ma yana yi. A ɗan karkata shi wajen ganga, kamar santimita 1 a kowace mita, don kada ruwa ya kwanta a ciki. A danne bakin kwanon da aka yanka, yana yanka hannu. Mai tampol ya ja shi ya yi tsam, ya naɗe bakin ƙasa ya ɗaure yadda ruwa zai gangaro kusurwa ɗaya. Tampol da ya yi ciki yana tara ruwa a tsakiya, nauyin yana iya karya sandunan ɗaki.

Ruwan farko na shekara kada a tara shi don sha ko kaɗan. Wata bakwai ko takwas rufin nan yana shan ƙura da kashin tsuntsaye da na ƙadangaru. A bar shi ya wanke rufin. Bayan haka ma, duk lokacin da aka kwana biyu ba a yi ruwa ba, a kawar da bakin indararo daga ganga har sai kimanin jarka ɗaya ta zube, ruwan ya yi fari, sannan a mayar.

Gangar kanta, a san abin da ta taɓa ɗauka. Wadda aka zuba maganin ƙwari na gona, ko fetur, ko baƙin mai, ko wani sinadarin da ba a san shi ba, wanki ba ya raba ta da guba, musamman ta roba. Kada arha ta ruɗe mu. Wadda ta ɗauki man girki ko wani abin ci, a wanke ta da sabulu sosai, ta yi. A ɗora ta a kan tubali ko duwatsu da aka daidaita, wuri ya yi lebur. Ganga cike nauyinta kilo 200 ne, daidai da buhu huɗu masu kilo 50. Idan ƙasar ƙarƙashinta ta jiƙe ta karkace, ta faɗa kan yaro, ba ƙaramin abu ba ne.

A rufe ta kullum. Inda ruwa yake shiga, a ɗaure yankin tsohon gidan sauro da ya riga ya yage, zai tare ganye da ƙwari. Tsoho muka ce, kada wani ya yanka wanda yara suke kwana a ciki. Murfin kuma a ɗaure shi ko a ɗora masa dutse mai nauyi. Iyayenmu mata, wannan taku ce musamman: yaro mai rarrafe ko mai koyon tafiya kansa yana da nauyi idan aka kwatanta da jikinsa, idan ya leƙa bokiti ko baho ya faɗa da ka, ba ya iya ɗagowa, kuma ba za ki ji kukansa ba. Ruwa kaɗan ya isa. Kada a jera bokitai buɗe a bakin rufi a shiga ɗaki a kwanta.

Ruwan sama yana saukowa da tsafta, amma rufi da ganga da hannu suna ɓata shi. Na sha a tace shi da ƙyalle mai tsafta, sannan a tafasa ko a sa ƙwayar Aquatabs. Girman ƙwayar ya bambanta, don haka a bi adadin litar da aka rubuta a jikin takardarta, wanda bai iya karatu ba ya tambaye mu. Bayan an sa, a jira minti 30 kafin a sha. A ware moɗa ɗaya mai dogon hannu don ɗiba, a rataye ta, kada kowa ya tsoma kofinsa.

Sau ɗaya a mako a juye ganga, a goge cikinta da soso. Dalili shi ne a irin zafin nan sauro yana tashi daga ƙwai zuwa mai cizo cikin kwana 7 zuwa 10. Sauron da ke kawo shawara da zazzaɓin dengi cikin ganga da randa da tsohuwar taya yake haihuwa, kuma ƙwansa yana manne wa jikin mazubi, zubar da ruwa kaɗai ba ya cire shi, sai an goge. Sauron zazzaɓin maleriya kuwa ya fi son ruwan da ya kwanta a ƙasa, rana tana dukansa, ko da sawun saniya ne. Kun ga ke nan ganga buɗe tana kiwon ɗaya, tsakar gida mai kwancen ruwa tana kiwon ɗayan.

Mun san gangunan da ke matsugunin nan ba su kai yawan gidaje ba, kuma ba za mu yi muku alkawarin abin da ba ya hannunmu ba. Wanda ba shi da ita ya yi amfani da randa ko tulu ko jarka, dokar ɗaya ce: a rufe, a wanke, a tsare yara. Gida biyu da ke jingine da juna za su iya haɗa indararo su raba ganga ɗaya.

Yanzu sai babban aikin, hanyar ruwan da ya yi saura.

A huda ganga kusa da baki a sa guntun tiyo, domin idan ta cika rarar ta bi tiyon ta fita nesa da bango, maimakon ta malalo ta jikinta. Duk inda ruwan rufi yake ɗiga ƙasa, a zuba tsakuwa ko fasassun tubali. Ɗigon nan shi ne yake haƙa rami a gindin gini, yana kuma fantsama yana cin yaɓe.

A tara ƙasa a gindin bango ta waje, a daddaɓe ta, ta yi gangare zuwa waje kamar ƙaramin dakali. Wanda ya samu marmara ta fi yashi riƙewa. Ƙasan ɗaki ya fi tsakar gida tudu, a kuma ɗaga bakin ƙofa. Hatsi da takardun rajista da katin asibiti a ɗora su sama, takardun a cikin leda.

Sannan a haƙa 'yar magudana kewaye da ɗaki, nesa da bango kamar taki ɗaya na babban mutum, zurfinta kamar taƙi ɗaya, wato santimita 20 zuwa 25. Kada a haƙa ta manne da bango, sai ka kai wa ginin ruwa da hannunka. Gefenta ya zama a kwance, domin a ƙasar jigawa gefe mai tsaye yana zubewa a ruwan farko. Ta riƙa gangarawa a hankali har ta fita. Inda gangaren ya yi tsanani, a jera duwatsu a gicciye don rage gudun ruwa, in ba haka ba 'yar magudanar bana za ta zama kwazazzabon baɗi.

Ina za ta ƙare? Wannan ya danganta da ƙasarka. Haƙa rami mai zurfin santimita 30, ka cika shi da ruwa da yamma. Idan ka wayi gari ya tsotse, ƙasarka tana shan ruwa. Kai kana iya haƙa ramin tsotsewa, faɗi mita 1, zurfi mita 1, a cika shi da duwatsu, manya a ƙasa ƙanana a sama, nesa da kowane bango aƙalla mita 3, kuma nesa da masai. Zai shanye ruwan wanka da wanke-wanke da rarar ganga a ruwa matsakaici. Wanda yake da ɗan fili a bayan ɗaki, ya fi masa riba ya kai ruwan wurin shuka. Manoman ƙasar nan sun san tassa da rabin wata, ramukan da suke tare ruwa a gona har ya nutse a gindin shuka. Ƙaramin rabin wata a bayan gida, da zogale ko kuɓewa ko yakuwa a ciki, miya ce har kaka. Idan kuwa ka wayi gari ruwan yana nan a ramin gwaji, ƙasarka laka ce, ramin tsotsewa zai zama gidan sauro kawai. Kai sai ka haɗa da magudanar layi.

A nan ne muke roƙon ku saurara da kyau. Bara, a ɗaya daga cikin unguwanninmu, wani bawan Allah ya yi duk abin da muka faɗa. Ya yi dakali, ya haƙa magudana mai kyau, ɗakinsa bai jiƙe ba. Amma ya fitar da bakinta ta ƙarƙashin zana, ba tare da ya leƙa abin da ke bayan zanar ba. Masan maƙwabciyarsa ne a wurin, mace mai marayu. Ruwan dare ɗaya ya cika ramin, gefensa ya zube, ƙazanta ta malalo tsakar gidanta ta bi layi har inda yara suke wasa. Ba mugunta ya yi ba, bai duba ba ne. Sai da dattawa suka zauna kafin gidajen biyu su koma gaisawa. Mun kawo labarin ne domin kowannenmu zai iya yin wannan kuskuren. Haƙƙin maƙwabtaka, da malamanmu suke tuna mana kullum, ya haɗa da inda ka juya bakin magudanarka.

Ruwan sama da masai kada su haɗu. A ɗaga bakin masai ya fi ƙasar kewayensa tudu, a tara ƙasa a daddaɓe, a rufe ramin da murfi, a karkatar da duk wata magudana daga wajensa. Sabon masai ya yi nesa da rijiya ko famfo aƙalla mita 30. Wanda ya ga tsaga a gefen daɓen masai ya hana kowa shiga, ya sanar da mu a ranar. Cutar amai da gudawa ta shiga jihar Maradi a daminar 2018, ta fi tsanani a Madarounfa, ta sake dawowa a 2021. Hanyarta ita ce wannan: bayan gida ya shiga ruwa, ruwa ya shiga baki. Duk wanda ya fara gudawa kamar ruwan shinkafa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, a lita 1 ta ruwa mai tsafta a sa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, yana sha ana tafiya da shi asibiti. Kada a jira gari ya waye.

Ramukan da muka haƙa muka buga tubali ma za su cika. A cike waɗanda ke cikin unguwa, manyan kuma a kewaye su da ƙaya, a hana yara wanka a ciki, saboda nutsewa da kuma tsargiya. Idan ma'aikatan lafiya suka zo da maganin rigakafin zazzaɓi na wata-wata da ake ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, a karɓa, a kuma cika kwana ukun. Magudana tana rage sauro, amma ba ta maye gurbin gidan sauro.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga yadda muka tsara. Ranar da aka yi ruwa na farko mai ƙarfi, da zarar ya ɗauke, kowane shugaban unguwa ya fito da matasa uku ko huɗu su bi ruwan da ƙafa, su kafa tsinke a inda ya bi da inda ya kwanta. Ruwa ya riga ya zaɓi hanyarsa, mu gyara masa ita kawai za mu yi. Bayan nan a sa ranar gayya. A fara haƙa daga ƙasa, wato inda ruwan zai fita, a hauro zuwa tudu, don kada na sama ya sako ruwa na ƙasa bai shirya ba. Shebur da diga da baro da ke hannun kwamiti za a ba da aro unguwa bayan unguwa, a rubuta suna, a dawo da su da yamma. Gidajen tsofaffi da zawarawa da masu lalura su za a fara yi wa. Bayan kowane babban ruwa, kowa ya kwashe yashi da leda daga gabansa, domin leda ɗaya ta isa ta toshe layi.

Ƙarshen magudanar layi kuma ba mu kaɗai za mu yanke ba. Mutanen garin nan sun karɓe mu, sun ba mu wurin zama, muna shan ruwa a famfo ɗaya. Ba daidai ba ne ruwanmu ya wanke shukar wani ko ya yanke burtali. Ranka ya daɗe mai gari, muna roƙon ka haɗa mu da dattawan da suka san inda ruwa yake bi tun kafin mu zo, mu zaga tare kafin a sa diga.

Kowa ya koma gida yau ya tsaya a ƙofar ɗakinsa, ya dubi rufin, ya dubi ƙasa, ya tambayi kansa: idan aka kwana ana ruwa, ina zai bi, kuma gidan wa zai shiga? Wanda bai sami amsa ba ya zo ya same mu a bakin famfo da safe, za mu bi shi mu duba tare.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana yaranmu da ɗakunanmu, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.